Yadda ake zaɓen katako don akwatin tokar mamaci

A Panteka ta Kaduna na koyi kafinta, kuma a shekarun da na yi can ban taɓa haɗa wani abu da ya shafi mamaci ba sai makara guda biyu da aka sa mu yi wa wani masallaci. Mu namu sanannen abu ne: wanka, likkafani, salla, kabari. Sai ga shi abinci ya kawo ni arewacin Ingila, wani ƙaramin shago a yankin Yokshaya, inda kusan rabin aikinmu shi ne ƙananan akwatunan da ake zuba tokar mamaci bayan an ƙona gawa. A nan ƙasar wajen mutum takwas cikin goma da suka mutu ƙona su ake yi. Al'adar ta fara ne a garin Woking a 1885, majalisa ta yi mata doka a 1902, yau kuma ta zama ruwan dare.

Addinina ya hana ƙona gawa, kuma watannin farko hannuna ya yi mini nauyi a kan aikin. Ba fatawa na zo bayarwa ba. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya je wurin malaminsa kafin ya ɗauki zarto. Amma yaranmu kafintoci suna ta shigowa Turai da Amurka, wasu kuma Kiristoci ne 'yan uwanmu na Kaduna da Filato, kuma aikin nan yana faɗowa hannunsu ba wanda ya taɓa nuna musu. Idan har ka karɓa, to ka yi shi da kyau, domin wanda ya zo saye uwarsa ko mijinta zai saka a ciki.

Kafin ka taɓa katako, tambaya ɗaya za ka yi: ina akwatin zai zauna? Maigidana, dattijo ne da ya haura saba'in, ba ya barin mai saye ya kalli samfuri sai ya ji amsar wannan. Akwatin da za a ɗora a kan kanta a falo shekara talatin daban yake da wanda za a binne mako mai zuwa a farfajiyar coci, kuma duka biyun daban suke da wanda za a saka a ramin bango a maƙabarta a rufe da gilashi ko dutse. 'Yan Katolika, alal misali, cocinsu ya yarda da ƙona gawa tun 1963, amma a 2016 fadar Fafaroma ta fitar da umarni cewa a ajiye tokar a wuri mai tsarki, kada a watsar, kada kuma a bar ta a gida. Saboda haka idan ɗan Katolika ya shigo, galibi akwatin bango ko na ƙasa yake nema. Yawancin farfajiyoyin Cocin Ingila kuma sun fi son a juye tokar kai tsaye cikin ƙasa, ko a binne ta a abin da zai ruɓe. 'Yan Hindu da Sikh ruwa suke kai tasu, su ba su cika buƙatar katako mai tsada ba. Ka ga ashe "katako mai ƙarko" ba ma'ana ɗaya gare shi ba a wannan sana'a. Wani yana son abin da zai kai jikokinsa, wani yana son abin da ƙasa za ta cinye cikin 'yan shekaru.

Sai girma. Tokar babban mutum, wadda a gaskiya ƙashi ne da aka niƙa, tana kai kilo biyu zuwa uku, kuma tana cin wuri kamar lita uku zuwa uku da rabi. A Amurka ma'aunin da suka saba da shi inci 200 ne na murabba'in ciki, wato lita 3.3 ke nan. Ni ba na yin ƙasa da lita 3.7, domin tokar tana zuwa a cikin leda mai kauri, ledar kuma ba ta cika kusurwa. Ciki mai faɗin santimita 15 da 15 da tsayin 17 ya ba ka lita 3.8. Idan kwantacce ake so, 25 da 15 da 10 ya isa. Tsawon mutum da kaurin ƙashinsa ne ke ƙara toka, ƙiba ba ta ƙarawa sosai, don haka idan aka ce maka marigayin dogo ne, ƙara santimita biyu. Idan ka gama haɗawa, auna busasshiyar shinkafa lita uku da rabi a leda ka gwada. Idan kuma ramin bango ne, kada ka yarda da "ai daidai yake da na kowa". A kawo maka ma'aunin ramin a rubuce, domin kowace maƙabarta da nata.

Yanzu ga abin da ya fi kowane irin itace muhimmanci, wato bushewa. Duk wanda ya zauna a arewa ya san ƙofar da ke cijewa da damina, ta kuma saki da hunturu har ka ga haske ta gefenta. To gidajen Ingila hunturun dole suke ciki rabin shekara, saboda hita. Katakon da zai zauna a irin wannan ɗaki dole danshinsa ya sauka zuwa kashi 8 zuwa 10 cikin ɗari. Wanda aka shanya a rumfa kawai, ko ya shekara uku, a nan ƙasar da wuya ya sauka ƙasa da kashi 16. Sayi mitar auna danshi, ba ta da tsada, ka soka ta a tsakiyar katakon bayan ka yanke bakinsa, ba a fatar waje ba.

Na koyi wannan ne da zafi. Shekarata ta biyu, na sayo katakon wani itacen Turai da ake kira ok daga wani mai sayarwa da ya rantse mini an gasa shi a injin busarwa. Na yi akwati, ya yi kyau, aka kai. Bayan wata huɗu wata dattijuwa ta dawo da shi a nannaɗe da tawul, rungume a ƙirjinta. Saman ya tsage daga wannan gefe zuwa wancan, tsagar da za ka iya zura farce. A kan kantar da ke saman hita ta ajiye mijinta, domin nan ne kusa da kujerar da yake zama. Ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi da dare ta ji ƙara kamar an karya ƙirare, ta tashi ta duba. Na sake mata sabo ban karɓi ko sisi ba, kuma daga ranar babu katakon da ke shiga aikina sai ya kwana mako biyu a cikin shago kuma mita ta yarda da shi.

Laifin ba na danshi kaɗai ba ne, har da yadda na haɗa. Katako ba ya motsi ta tsawonsa, ta faɗinsa yake kumbura ya tsuke. Allon ok mai faɗin santimita 20 zai iya motsa milimita biyu zuwa uku tsakanin bazara da sanyi. Ni kuwa na shafe saman da gam ta kowane gefe, na ɗaure shi, bai sami inda zai je ba sai ya fashe. Yadda ake yi shi ne ka yanka kwari a cikin bangon huɗu, ka zura saman a ciki da ɗan sarari, gam ɗigo ɗaya kawai a tsakiya. Idan kana da zaɓi, nemi allon da aka yanka ta yadda zoben shekarun itacen suke tsaye idan ka kalli bakinsa. Irin wannan yanka motsinsa kusan rabin na allon da zobensa ke kwance ne.

To, itatuwan kansu. Ok shi ne sarki a nan, shi Bature yake fara tambaya. Yana da nauyi, kusan kilo 700 a kowace mita ta murabba'in ciki idan ya bushe, zarensa a fili yake, kuma zuciyarsa tana jure ruɓa. Turawa suna da ma'aunin juriyar ruɓa daga aji 1 zuwa 5, inda 1 ya fi kowa, kuma ok ɗin Turai galibi a aji 2 ake sa shi. Amma ka lura da abu biyu. Na farko, zuciyar ce ke da juriya. Farin gefen nan da ke kusa da ɓawo ƙwari ne ke fara cinsa, ka yanke shi ka yar ko da kana jin asara. Na biyu, ok yana da wani sinadari mai kama da na bagaruwa da majema ke jima da shi, kuma idan ya haɗu da baƙin ƙarfe da ɗan danshi sai ya yi baƙin tabo kamar an ɗiga tawada. Na taɓa ganin akwatin da aka ɗaure da sukurun ƙarfe, kowane sukuru da baƙin zobe a kewayensa, tabon ya nutse ciki sanfefa ba ta cire shi. Yi amfani da sukurun tagulla ko na ƙarfen da ba ya tsatsa. Shi na tagulla laushi gare shi, yana karyewa a cikin ok, don haka ka fara huda rami, ka shigar da na ƙarfe ya buɗe hanya, ka fitar, sannan ka sa na tagullar da ɗan kakin zuma a jikinsa.

Akwai kuma jan ok da ake kawowa daga Amurka, ya fi araha. Kada a ruɗe ka da sunan. Ƙofofin zarensa a buɗe suke, har za ka iya hura iska ta guntunsa ta fito ɗaya gefen, shi ya sa ba a yin gangar ajiye ruwa da shi sai da farin ok. A falo ba shi da laifi. A ramin bango mai sanyi da raɓa kuwa, ba na sa shi.

Wolnot na Amurka shi ne wanda hannuna ya fi so. Launinsa kamar gasasshen kofi, yana karɓar cizal ba gardama, ba ya yawan motsi, kuma idan mai ya taɓa shi sai ka ga zaren ya taso kamar ruwa. A ma'aunin tauri na Janka yana da 1,010, ƙasa da mefil mai 1,450, amma akwatin toka ba daɓen ƙasa ba ne da za a taka, wannan taurin ya ishe shi har abada. Abin da za ka gaya wa mai saye shi ne rana tana koɗar da wolnot, baƙin yana komawa ruwan zuma idan ya shekara a bakin taga. Ceri kuma akasin haka yake yi. Yana fita daga injin da launin ja-ja mai haske, cikin wata shida ya fara duhu, bayan 'yan shekaru ya zama ja mai zurfi. Idan ka ɗora wani abu a kansa a watannin farko, hoton abin zai zauna a jiki. Wannan ma ka faɗa tun kafin a biya, domin wanda ke cikin makoki idan ya ga akwatin ya sauya launi ba a gaya masa ba, hankalinsa tashi yake yi.

Mefil fari ne tas, zarensa a matse, shi ya fi kowa fitar da rubutu idan da injin leza za a ƙona suna. A kan wolnot rubutun leza ɓacewa yake yi cikin duhun katakon, gara ka sa farantin tagulla. Mai yana sa mefil ya yi rawaya, don haka idan farin ake so a shafa masa fanis na ruwa.

Bic da ash da shi mefil ɗin duka a aji 5 suke, wato ƙasa ba ta jin wuyar cinsu. A da ina ganin wannan aibi ne. Yanzu su nake miƙa wa duk wanda ya ce binnewa za a yi, musamman a irin maƙabartun daji da ake dasa itace a maimakon dutse, inda ba a yarda da roba ko ƙarfe ba. Irin wannan akwati ba sukuru, ba fanis. Turakun katako za ka fiƙe ka kafa, ka shafa kakin zuma ko man linsid, tokar kuma a sa ta a jakar auduga ko takarda a maimakon leda. Bic yana motsi da yawa, saboda haka ba na ba wanda zai ajiye a falo.

Sai namu na gida, waɗanda nake jin wani abu a raina duk lokacin da na buɗe ɗaurinsu. Sapele, wanda sunansa daga garin Sapele na jihar Delta ya samo asali, shi ne mahoganin da aka fi samu a kasuwar nan. Ja ne mai ratsi-ratsi, yana ƙamshi idan ana yanka shi, a aji 3 yake. Zarensa a sarƙe yake, wani layi ya nufi gabas wani ya nufi yamma, don haka filen yana fizgo shi ya bar rami. Wasa wuƙarka sosai, ka ci kaɗan-kaɗan, ka ƙarasa da makankari. Loko, wanda Yarbawa da Turawa ke kira iroko, ya fi shi juriyar ruwa nesa ba kusa ba, yana tsakanin aji 1 da 2, kuma shi nake zaɓa idan akwatin zai shiga wuri mai raɓa amma ana so ya daɗe. Ƙurarsa mugunta gare ta, tana sa tari da ƙaiƙayi, kada ka taɓa goge shi ba takunkumi. Wani lokaci kuma za ka tarar da dunƙulen abu kamar dutse a cikinsa wanda ke dakushe haƙorin zarto nan take. Tik shi ne aji 1, mai ne a jikinsa, ruwa ba ya shigarsa. Man nan kuma shi ke hana gam kamawa, sai ka goge wurin haɗin da asiton ka shafa gam kafin man ya sake tasowa. Tun bayan juyin mulkin Myanmar na 2021 an ƙaƙaba wa kamfanin katakon gwamnatin ƙasar takunkumi, don haka wanda ake samu da halal yanzu galibi na gonakin da aka shuka ne.

Wani yaro ya taɓa rubuto mini daga gida yana tambaya ko zai iya yin akwatunan da madaci ko madobiya ya turo Turai. Katakon kam ba abin da ya rasa. Madaci ɗan uwan mahogani ne, ya ma fi na kudu nauyi. Madobiya kuwa kyanta ne ya jawo mata bala'i, aka yi ta sare ta a Taraba da maƙwabta ana lodawa zuwa Sin har dazuka suka yi fili. Tun 2017 tana cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu, kuma a taron Panama na 2022 aka ƙara madaci da kawo da 'yan uwansu na Afirka. Kafin ka sa kuɗinka, je ka binciki takardun da ake buƙata, kuma ka san inda aka saro itacen. Ƙirya, wadda ake turmi da ita maƙera kuma ke son gawayinta, ta fi duk waɗanda na lissafa tauri, amma nauyinta da wuyar aikinta sun fi ƙarfin ɗan akwatin da tsohuwa za ta ɗauka da hannu biyu. Ka tuna toka kaɗai kilo uku ce.

Shi ya sa kaurin bango milimita 12 zuwa 15 ya wadatar. Kusurwa kuma kada ka dogara da gam kaɗai a kan yankan gicciye, domin bakin zare shanye gam yake yi. Ko dai ka yi haɗin haƙori, ko ka tsaga kusurwar ka cusa siraran katako na wani launi, mefil a cikin wolnot alal misali, ya ƙara ƙarfi ya kuma yi ado. Ƙofa ta ƙasa ake yi. Gindin ne ke cirewa, da sukuru huɗu ko shida, saman kuma a rufe yake ruf. Ta haka ko yaro ya taɓa, ko akwatin ya faɗi, ba abin da zai zube.

Ana sayar da akwatuna masu araha da aka yi da MDF, wato allon garin katako da aka matse da gam, aka liƙa musu fallen ok a sama. Ba zan zagi mai saye ba, jana'iza a ƙasar nan tsada gare ta. Amma idan kai ne mai yi, faɗi gaskiyar abin da ke ciki. MDF idan ya sha raɓa kumbura yake kamar burodi, fallen ya ɗago. Juya akwatin ka kalli bakin allon: katakon gaske zarensa yana zagayowa daga fuska zuwa baki, na liƙi kuwa zaren yana yankewa a kusurwa.

Idan za a hau jirgi da tokar, katako ya fi ƙarfe da dutse, domin na'urar binciken kaya tana gani ta cikinsa. Hukumar tsaron filayen jirgin Amurka da kanta tana ba da shawarar katako ko roba, kuma jami'anta ba sa buɗe akwatin toka ko an ba su izini. Idan na'ura ba ta gani ba, akwatin ba zai wuce ba. Saboda haka kada ka yi wa irin wannan rufin ƙarfe a ciki.

Wajen shafe, ni man da aka haɗa da kaki nake amfani da shi, shafi biyu ko uku, bayan na bi da sanfefa daga lamba 120 zuwa 240. Dalilina shi ne mutane suna shafa akwatin nan da hannu, wasu kullum da safe, kuma fanis mai kauri yana sa katako ya zama kamar roba a tafin hannu. Shafa ciki da waje daidai, domin idan gefe ɗaya kaɗai ya sha mai allon zai lanƙwashe. Bar shi mako guda warin ya fita kafin a zo ɗauka. Tsumman da ka shafa man linsid da shi kada ka dunƙule shi a kwandon shara, yana iya kama wuta da kansa. Shimfiɗa shi a waje ya bushe ko ka jiƙa shi a ruwa.

Sunan mamaci da kwanan wata, sa iyalin su rubuta da hannunsu, ka karanta musu harafi-harafi, su sa hannu a takardar kafin ka kunna inji. A nan rana ake fara rubutawa kafin wata, a Amurka wata ne a gaba, don haka rubuta sunan watan da haruffa.

Ranar ɗauka, ina liƙa ƙananan ƙyallen ulu huɗu a gindin don kada ya karce kanta, in saka ledar shinkafar nan a ciki, in ɗaure sukuru, in ɗaga in girgiza kusa da kunnena. Idan na ji wani abu yana motsi, sai in ƙara siririn ƙyalle a ciki. Daga nan in fitar da shinkafar, in goge cikin da busasshen tsumma, in sa sukuru biyu na ƙari a ambulan tare da 'yar takarda mai layi uku: sunan itacen, irin man da aka shafa, da roƙon kada a ajiye shi a saman hita ko a bakin taga.